Ranar da Surukar Mamani Ta Shiga Ɗakin Duhu

A Dakoro, cikin shekarun ƙarshe na mulkin Faransawa, idan ka ce Mamani kake nema sai a tambaye ka wanne, domin masu sunan sun yi yawa a garin. Amma da ka ƙara da cewa mai hoto, kowa zai nuna maka ƙofar gidansa da baki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga fara'a, ga surutu kamar biyansa ake yi. Aibinsa guda ne, shi ma ba laifinsa ba ne: Allah ya yi shi da hannu mai gumi. Ko a tsakiyar sanyi ka gaisa da shi, sai ka nemi gefen riga ka goge a ɓoye.

Asalinsa ɗan manoman Birnin Lalle ne, sai dai noma bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa wa noman ba. Da aka kafa bariki a Dakoro sai ya bi wani Bature likitan dabbobi, yana kama masa shanu wajen allura. Baturen nan ya fi son ɗaukar hoto da aikin da aka turo shi yi. Rijiya, raƙumi, tsohuwa mai tallar nono, ba abin da yake bari ya wuce. Mamani na gefe yana kallo, yana riƙe wannan, yana miƙa wancan, har aikin ya zauna masa a ka. Da Baturen zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, ya bar wa Mamani akwatin hoto, da wani baƙin gwangwani mai murfi, da tsohon agogo. Tun ranar Mamani bai sake kama ƙahon saniya ba.

Ɗaukar hoton kanta ba wuya. Ka tsayar da mutum, ka ce kada ya motsa, ka danna. Wuyar tana gida. Hoto yana kwanciya ne a kan pelikil, wani dogon abu mai santsi kamar siririyar ɗamara, wanda ke naɗe cikin akwatin. In haske ya taɓa shi kafin a wanke shi da magani, shi ke nan, duk abin da ke kai ya ƙone. Saboda haka dole a warware shi cikin duhun da ba ka ganin tafin hannunka, a laluba a zura bakinsa cikin wani ƙwarƙwaro mai tsagi, a yi ta murzawa yana shiga yana zagayawa, ba tare da wani sashe ya taɓa ɗan'uwansa ba. Sai ya shige duka a jefa shi cikin gwangwani a rufe, sannan a fito haske a zuba magani. Shi kuma pelikil ba ya shiri da laima ko kaɗan. Da ya ji danshi sai ya manne, ya ƙi gaba ya ƙi baya. To, ka ji sana'ar da mai gumin hannu ya zaɓar wa kansa.

A kusurwar gida ya gina ɗan ɗaki na ƙasa, ba taga, ƙofar kamar ta akurki, ya rataya mata barguna. Shi yana ce masa ɗakin duhu, mutanen unguwa suna ce masa tanderu, kuma su suka fi shi gaskiya. Lokacin sanyi abin yakan tafi daidai. Da bazara ta kama kuwa, sai yadda Allah ya yi. Akwai wani gardi, cikin dogaran kumandan, Baturen mulki, da ya zo karɓar hotonsa, ya tarar da ƙafafu da bindiga, daga ƙugu zuwa sama kuma sai gajimare. Mamani ya dube shi ido cikin ido ya ce ai kwarjininsa ne ya fi ƙarfin akwatin. Gardi ya ji daɗi, ya sa hoton a aljihu ya tafi yana taƙama.

Duk surutun nan na Mamani, mutum ɗaya ce ke kulle masa baki, wato surukarsa Habi, uwar matarsa Safi. Gidanta na manne da nasu, darni ne kawai na kara ya raba. Tun da mijinta ya rasu take zaune a nan tana kaɗi, abawa da zare, daga safe har yamma. Ba faɗa tsakaninsu, kunya ce irin ta surukai, wadda Mamani ya ɗauka da gaske har ya zarce. In ya hango ta a hanya sai ya saki hanyar ya faɗa gonar mutane. In yana cin tuwo ya ji tarinta ta bayan darni, sai ya ture akushi ya kama duban sama. Tun da ya auri 'yarta magana ba ta taɓa haɗa su kai tsaye ba. Komai sai ta bakin Safi, ko da kuwa suna jin numfashin juna.

Habi tana da wata kunyar da ta girmi wannan. Tanimu, wan Safi, shi ne ɗanta na fari. Yadda aka saba, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Habi ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta hira da shi. In ya shigo gaisuwa ya durƙusa, sai ta amsa wa mazarinta. In dole ta ambace shi sai ta ce wa Safi, “wanki.” Kada wani ya ce ba ta son sa. Duk gidan ba wanda take so kamarsa, kuma kowa ya sani, ita ce dai ba ta da ikon nunawa.

Wata bazara aka zo ɗibar soja. Aka auna ƙirji, aka duba haƙora, Tanimu kuwa dogo ne lafiyayye, aka ɗauke shi. Ana ta raɗe-raɗin cewa daga Maradi sai Damagaram, daga can kuma sai Aljeriya, inda ake yaƙi. Ranar tafiya ya shiga ya durƙusa wa uwarsa. Ta ce, “Allah shi kiyaye hanya,” idonta na kan zare, ba ta kuma raka shi ko ƙofar gida ba. A bakin kasuwa, kamiyo, wato babbar motar da za ta kwashe su, na jira, Mamani ya jawo Tanimu gindin wata aduwa ya ɗauke shi hoto. Gurbi ɗaya tak ya rage a pelikil ɗin. Wanda ke gabansa hoton wani ƙaton rago ne da Kalla mahauci ke kiwo don Layya.

Kamiyo ya tashi, Mamani ya dawo gida da akwatinsa, sai tsoro ya kama shi. Pelikil biyun da ya wanke kafin wannan duk gumi ya cinye su. In gardi ne ko ɗan kasuwa, a sake tsayar da shi gobe. Tanimu fa? Ba wanda ya san ranar dawowarsa, kuma duk duniya ba shi da wani hoto sai wannan. Mamani ya cire pelikil a naɗe cikin kubensa da haske ba ya shiga, ya ɓoye a bayan randa, inda ya fi sanyi, ya ce sai gobe. Gobe ta zo ya ce sai jibi. Alhali ya san zafi na cin pelikil ko yana naɗe, kowace rana da ta wuce hoton na raguwa.

Habi ba ta iya tambaya, amma ba ta rasa hanya ba. Wata safiya Safi ta shigo da ƙwaryar fura ta ajiye a gabansa tana danne dariya.

“Inna ta ce a gaishe ka da aiki. Ta ce wai hoton ragon Kalla ya hito?”

Mamani ya shaƙe da fura. “Ragon Kalla? Mi ya haɗa Inna da rago?”

“Oho. Ni dai an aiko ni. Ta ce ragon ya ba ta sha'awa.”

Washegari ma haka, fura da tambayar rago. Rana ta gaba aka ƙara da dafaffen wake. Kalla da kansa, mai ragon, bai ko leƙo ba. Mamani ya ga in ya ci gaba da shan furar nan bai yi komai ba, to ya zama marar mutunci. Ya wanke hannu, ya shanya su a iska kamar mai addu'a, ya yi bisimilla ya kutsa ɗakin duhu, Safi ta saki barguna.

Da fari abin ya yi kamar zai yi. Bakin pelikil ya kama tsagi, ya murza, ya shiga. Ya ƙara murzawa, ya shiga. Sai ya tuna Tanimu yana can ƙarshen naɗin, shi ne zai shiga daga baya. Tunanin nan kawai, hannu ya ɓalle da ruwa. Pelikil ya tsaya cik. Ya ja baya, ya ƙi. Ya tura, ya ji ya fara lanƙwashewa. Gumi na zuba daga goshi yana shiga ido, ba halin gogewa. Da ya ga zai yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, sai ya zare shi a hankali daga ƙwarƙwaron, ya tura shi haka nan a warware cikin gwangwani, ya danne murfi. Ya rarrafo waje ya zube a inuwa, riga sharkaf.

“Maigida, wanka ka yi a ciki?” in ji Safi.

“Bar ni, Safi. Shina cikin gwangwani, bai ƙone ba, amma bai shiga ba. In na koma mishi da hannun ga nawa, wallahi na kashe shi.”

“To koya mini mana.”

Ya ɗauko wani tsohon pelikil da ya riga ya lalace, ya nuna mata a tsakar gida. Safi hannunta na taɓarya ne, in ta kama abu sai ya san an kama shi. Da idonta biyu, rana tsaka, ta murƙushe shi sau ɗaya, ta sake, ta murƙushe. Ta zauna tana dariya har da hawaye, Mamani kuwa ya dafe kai. Suna cikin haka sai suka ji an yi gyaran murya ta bayan darni.

“Safi, miƙo mini abin ga in gani.”

Mamani ya yi wuf ya juya baya ya durƙusa yana fuskantar garun ɗakin duhu. Safi ta miƙa ƙwarƙwaro da tsohon pelikil ta saman darni. Sai aka ji wani ɗan sauti, ƙiris, ƙiris, ƙiris. Safi ta leƙa ta kama baki.

“Maigida, ya shige! Ko dubansa ba ta yi ba, kaji take kora!”

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san masu kaɗi. Yatsun da suka shekara da shekaru suna jin kaurin zare ba sa neman taimakon ido, kuma allin da ake shafawa don murza mazari ya busar da su ƙayau. Habi ta warware ta sake, wannan karon ta lulluɓe kanta da zane. Ya sake shigewa.

“Ki ce ma maigidanki,” in ji ta, “in ba wani abu, ni in shiga in naɗa mishi. Don ragon mutane kar shi lalace.”

Mamani ya rasa inda zai sa kansa. Surukarsa, a cikin tanderu, tana yi masa aiki! In aka ji a kasuwa ina zai shiga? Amma ya dubi baƙin gwangwanin nan, ya dubi tafin hannunsa da ke ƙyalli, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Ki ce ma Inna na gode. Ki ce mata ta kakkaɓe alli, kuma gehe da gehe za ta kama, kar ta taɓa tsakiya.”

“Inna, ya ce...”

“Na ji. Ki ce mishi na ji.”

Habi ta zagayo ta ƙofa, Mamani na durƙushe ya ba ta baya. Ta karɓi gwangwani da ƙwarƙwaro, ta duƙa ta shige, Safi ta saki barguna ta toshe gefe da tsumma, ta zauna a bakin ƙofa. Mamani ya matso kusa da garu, har yanzu bayansa ne ke wajen ƙofar, ko da yake ba mai ganinsa.

“Ki ce ma Inna ta buɗe murhi yanzu.”

“Inna, ya ce ki buɗe murhi.”

“Ki ce mishi na buɗe. Ki ce mishi wanga abu ya sha wuya, duk ya tattare.”

“Maigida, ta ce ka ƙuntata ma abin.”

“Ban ce haka ba, ke 'yar nema!” in ji murya daga ciki.

“Ki ce ma Inna ta laluba bakin, in ta ji wurin da ya lanƙwashe ta bi shi sannu.”

Ƙiris, ƙiris. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Mamani ya ƙara matsowa jikin garu.

“Safi, tambayi Inna mi ya hwaru.”

Kafin Safi ta buɗe baki aka amsa daga ciki. “Ya tsaya. Wurin da ya jiƙe ne, ya kama.”

“A ja baya kaɗan, Inna, kaɗan dai, sannan a sake turawa!”

“To, na ja.”

“A hankali, Inna!”

“Ai a hankali nike, ɗan nan, bar gaggawa.”

Safi ta dubi mijinta, ta dubi bargo, ta ce, “To ni in tashi ke nan? Na ga kun sallame ni.”

Sai a lokacin su biyun suka farga. Mamani ya toshe bakinsa da hannu. Daga ciki aka yi tari, aka ce da murya mai nauyi, “Ki ce mishi ya wuce wurin.” Ƙiris, ƙiris, ƙiris, sannan ƙarar murfi. Habi ta fito tana share fuska da gefen zane, ta ajiye gwangwani a ƙasa, ta ce wa 'yarta, “Ki ce mishi ɗakin ga nashi, ko masa aka sa a ciki ta nuna.” Ta koma gidanta ta ɗauki mazari kamar ba ita ba.

Sauran aikin Mamani gwani ne a kai. Ya zuba magani yana duban agogo, ya juye, ya zuba na biyu, ya ɗauraye da ruwan randa. Da ya ɗaga pelikil a rana sai ga su a jere, mutanen kasuwa, rago, can ƙarshe kuma dogon saurayi a gindin aduwa. Mamani ya yi tsalle ya yi kabbara. Safi ta leƙa ta yi salati, don a jikin pelikil komai a juye yake fitowa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.

“Inna! Tun bai kai ƙasarsu ba sun maishe shi Nasara!”

“Ni rago na tambaya,” in ji Habi ta bayan darni. Amma mazarin ya daina juyawa.

Washegari ya buga hoton a takarda. Ya fito tas. Tanimu na tsaye cikin farar riga, yana dariya har haƙora waje, domin daidai lokacin dannawa Mamani ya ce masa ya tsaya da kyau kada rago ya fi shi kyau. Sai dai a kafaɗarsa ta dama akwai tabo, zanen babban yatsa, layi-layi, a fili. Wurin da pelikil ya kama ne, inda dole Habi ta danna tsakiya ta raba shi. Mamani ya ji ba daɗi. Ya ba Safi hotuna biyu, na rago a sama don sutura, ya ce ta ba Inna haƙuri, in ta yarda zai sake bugawa ya shafe tabon da baƙin fensir.

Safi ta je ta dawo. “Ta ce yatsan wa ne? Na ce nata. Ta ce a bar shi yadda shike. Ga ragon, ta ce a kai ma mai shi, ta gani, ya yi ƙiba.”

“Ta duba ɗayan?”

“A gabana? Ƙulle shi ta yi a bakin zane, ta ce in tahi in ba ta wuri.”

Daga wannan bazara Mamani bai ƙara asarar pelikil ba. Da zafi ya kama sai a ji yana cewa, “Safi, ki ce ma Inna in tana da sarari,” tsohuwa kuma ta zagayo da kunyarta ta shige tanderu. Kasuwa ta ji labari, aka yi masa dariya har aka gaji, shi ma yana taya su.

Amma akwai abin da bai taɓa ba da labarinsa a kasuwa ba, duk da bakinsa. Kwana kaɗan bayan hoton, da azahar, gari ya yi tsit don zafi, akuyarsa ta tsinke ta bi bayan darni. Ya bi ta a guje, sai ya ja birki, domin ta wata kafa a jikin karan ya hango surukarsa. Tana zaune ita kaɗai a inuwar rumbu, mazari na yashe a ƙasa, hoton na kan gwiwarta. Kallonsa take yi, kallo na ƙoshi, daga hula har ƙafa, ta sake komowa fuska ta tsaya. Ta ɗora babban yatsanta a kafaɗar, daidai kan tabon.

“Tanimu,” ta ce a hankali, tana gwada sunan a bakinta. Ta sake cewa, “Tanimu. Ashe haka kake dariya.”

Mamani ya bar akuyar ta tafi inda za ta.